Kambu a Damtsen Hagu

A shekarar da katafilolin kamfanin hanya suka fara cin dajin da ke yamma da Sabuwa, Almu maharbi ya ɓarar da harbi sau uku a jere, kuma duk ukun a gaban mutane. Da a ɓoye abin ya faru da da sauƙi. Amma mutumin da ya saba shigowa Tungar Ƙirya da gwanki a bayan jaki, ranar da ya shigo da bindiga kaɗai a kafaɗa, ko awakin gari sai sun bi shi da kallo.

Ba hannunsa ne ya lalace ba, dajin ne ya sauya. Da can Almu mutumin kwanto ne. Ya san mashayar kowace dabba. Sai ya sami gindin itace ya zauna, ya ɗora bakin bindiga a kan reshe, ya jira nama ya kawo kansa. To, kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, aka ce sai an yi hanya, aka kawo injuna masu ruri tun safe har la'asar. Namun daji suka firgita, suka daina tsayawa wuri ɗaya. Mai son nama sai ya bi shi da gudu, mil biyu, mil uku, sannan ya ja birki yana haki ya harba. Nan Almu ya ga ta kansa. Da ya ɗaga bindiga bayan gudu sai bakinta ya kama tsalle kamar ɗan akuya, harsashi ya tafi neman abin da ba a aike shi ba.

Bindigar kuwa ta toka ce, irin wadda ake kira harba-ka-ruga. Ɗuri ɗaya, harbi ɗaya. In ka kuskure, kafin ka sake zuba albarushi ka danna, abin da ka harba ya yi nisa, ko kuma ya iso kanka.

Mutanen Tungar Ƙirya ba su sha wahalar gano ciwon ba, don su ba a rasa su da bayani. Suka ce an ɗaure masa bindiga. Kowa da wanda yake zargi. Almu ya yarda, ya tashi takanas ranar kasuwa ya tafi Faskari wurin wani baduku, aka ɗinka masa ƙarin layu biyu a jikin kambun da ke damtsensa na hagu, kambun yana jikinsa, don ba ya fita.

Kambun nan na mahaifinsa ne, wanda ya yi Sarkin Baka a Ketare, shugaban maharban yankin, ya shekara arba'in yana shiga daji ya mutu a kan gadonsa ba tabon ƙaho ko na farce a jikinsa. Kowa ya san aikin kambun ne. Zobe ne na jan fata, ɗinkakke ruf, an ce ranar da aka farke shi ranar ƙarfinsa ya mutu. Sai dai tsohon siriri ne kamar sandar makiyayi, Almu kuwa ƙato ne. Ranar da ya gaje shi sai da aka shafa masa man kaɗe kafin kambun ya wuce gwiwar hannu, kuma shekara tara ke nan damtsen yana ƙara kauri a ƙarƙashinsa. Yanzu ga ƙarin layu biyu an cusa ta ƙarƙashinsa. Ya dawo daga Faskari hannu yana masa zugi, shi kuwa yana murna, wai magani ne ke kama jiki.

Mutum ɗaya ne bai ce an ɗaure bindiga ba, shi ne surukinsa, Baba Gide, mahaifin matarsa Lauratu. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama yana saurayi, yanzu yana gadin sansanin kamfanin hanya da kulki da tocila. Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya tsaya a ƙofar gidan Almu, bai shiga ba, ya yi sallama. Almu ya fito ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Tashi, Malam Almu. Ɗauko bindigar taka, amma ka zazzage ta."

Almu ya ɗauko.

"Ka ga tsamiyar can ta bakin rafi? Ruga ka taɓo ta ka dawo. Gudu na gaske, ba na zuwa gaisuwa ba."

Ƙaton mutum mai gemu, a sa shi tsere kamar ɗan makaranta! Amma suruki ne ya faɗa. Ya ruga, ya dawo yana haki, gumi na tsiyaya. Kafin ya dawo Baba Gide ya ciro tsohon kwabo mai huji, irin wanda naira ta kashe wa kasuwa, ya zura masa zare. Ya rataya shi a bakin bindigar, ya ce Almu ya auna wancan kututturen.

Kwabon ya yi ta lilo hagu da dama.

"Da naman jiki kake riƙe ta," in ji tsohon. "Kahwaɗarka ta ɗage har kunne, hannunka shina can a miƙe kamar mai roƙon goro. Nama in ya gaji rawa yake yi, babu yadda za ka hana shi. Ka bar ƙashi ya ɗauki kayan."

Ya shiga gyara shi kamar mai kafa rumbu. Ya buga masa dunduniya da kulki har ƙafafun suka buɗe daidai faɗin kafaɗa. Ya juya shi gefe. Ya tura masa ƙugu gaba, ya ja kafaɗunsa baya kaɗan. Ya kama gwiwar hannunsa ta hagu ya kafa ta a kan ƙashin ƙugu, ya buɗe masa tafin hannu, ya ce bindiga ta kwanta a kai kawai, kada ya damƙe ta. Nauyin ƙarfen ya bi ƙashin hannu ya sauka a ƙugu, ya bi ƙafa ya shige ƙasa. Almu ya ji kafaɗarsa ta saki, abin da bai taɓa ji ba da bindiga a hannu.

"Taku ɗari na ƙarshe kada ka yi su da gudu, ko da wuta ke ci a gabanka. Ka iso da tahiya. Ka ja iska uku, ta ukun ka saki rabi ka tsaya. Kada ka fizgi kunamar bindiga, matsa ta a hankali har ta ba ka mamaki. Kuma kada ka daɗe a tsaye, in ka daɗe gwiwoyi za su kama nasu rawan."

Lilon kwabon ya tsaya. Amma wani abu ya rage. Kwabon yana zabura sama, cak, cak, cak, daidai da bugun da Almu ke ji a cikin kunnuwansa. Baba Gide ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa yatsa ya ɗora a kan kambun, inda naman damtsen ya kumbura ta sama da ta ƙasa, wata jijiya ta miƙe tana harbawa.

"Ga mai buga maka gangar nan. In ka yi gudu hannu ya kan cika da jini, abin ga ya shaƙe shi, zuciyarka ta biyo ta nan ta shiga bindiga. Cire shi."

Almu ya sunkuyar da kai. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Tsohon da ya ci gwangwanin Turawa ya manta da abin gida, shi ne zai ce a yanke kambun Sarkin Baka? Amma ba a musu da suruki.

"To, Baba," ya ce.

Tsayuwar ya ɗauka, yana gwada ta kullum a bayan gida. Kambun kuwa ko taɓa shi bai yi ba. Lauratu ta lura hannun nan yakan mutu masa in ya dawo gona, har sai ta murza masa yatsu kafin ya iya kama ƙwarya. Sau ɗaya ta ce, "Malam, ko dai maganar Baba gaskiya ce?" Ya harare ta, ba ta sake tayarwa ba.

Damina ta yi tsakiya. Wata Lahadi wani ɗan kwangilar kwalbatoci, Alhaji Bilya, ya kwaso abokansa daga birni a cikin Landiroba, da sabuwar bindiga mai madubi wadda ya sayo a ƙasar waje. Mutumin da ko zakara bai taɓa yankawa da hannunsa ba! Suka ci karo da garken ɓauna, ya harba daga saman mota cikin tsakiyar garken. Harsashin ya fasa muƙamuƙin wata babba. Suka bi jini har laka ta fara ɓata musu takalma, sai suka ce ai ta mutu, suka koma sansani cin gasassun kaji. Allah ya isa tsakanin talakawan dajin nan da irin waɗannan maharba.

Ɓaunar da aka ji wa ciwo ba ta da aiki sai neman mutum. Ba ta iya cin ciyawa, ƙudaje sun cika mata baki, sai ta laɓe a duhuwa ta jira. Almu ya san haka. Ranar Litinin ya bi sawunta har bakin kogi, ya ga ta haye zuwa wancan gefen, ya dawo ya shaida wa mai gari cewa ta bar musu ƙasa. Gaskiya ya faɗa, ta haye. Abin da bai koma ya duba ba shi ne ko ta sake hayowa. Da jin maganarsa mata suka ɗauki kwanduna ranar Laraba da sassafe suka nufi tsohuwar saura, gonar da aka daɗe da barin nomanta, tsintar kaɗanya, don 'ya'yan kaɗanya in suka zuba ba su jiran kowa. Lauratu tana cikinsu.

Hantsi ya ɗaga, Almu yana maimai a gonar dawarsa, sai ya ji ana kururuwa. Fatsuma ce, matar ƙanensa, ba kallabi, ƙaya ta yayyage mata ƙafafu. Ta faɗi a kan kunyar dawa ta kasa tashi.

"Yaya, ɓauna! Ta kashe Mairo! Yaya Lauratu ta hau icce, ɓaunar ta soke ta a cinya, jini shina zuba, iccen ƙarami ne, tana ta dukan shi!"

Bai san lokacin da ya jefar da fartanya ba. Daga gona zuwa gida rabin mil ne. Bindiga tana rataye a ɗure, don kullum bayan sallar asuba yake ɗura ta, da guntun rodin da ya tsinto a wurin aikin gada ya sare daidai tsawon gaɓar yatsa. Ya fizge ta, ya soke wuƙa a ƙugu, ya fita ta kan danga. Daga gida zuwa saura ya fi mil biyu, kuma damina ba ta bar hanya ba. Ya faɗa fadama laka ta kama shi har ƙwauri, ya bar takalmi ɗaya a ciki. Ya hau tudun marmara duwatsu suna yanka masa tafin ƙafa. Cinyoyinsa suka kama wuta. Bakinsa ya cika da ɗanɗanon ƙarfe. Ya ji hannun hagu yana yin nauyi, yatsun suna yin sanyi, amma ba ta hannu yake ba. Abu ɗaya ke bugawa a kansa tare da kowane taku: ni na ce ta haye.

Tun kafin ya ga saurar ya ji dukan. Dum! Sai shiru. Dum! Kamar ana kirɓa a ƙaton turmi. Bayan kowane duka sai ƙarar Lauratu, kuma kowace ƙara ta fi ta baya rauni.

Taku ɗari da tafiya, in ji Baba Gide. Tsohon ya faɗi haka ne a inuwa, ranar Juma'a, ba matarsa ce ke kuka ba. Almu ya tilasta wa ƙafafunsa, ya yi hamsin da tafiya yana cizon leɓe har ya fashe. Ya fi ƙarfinsa ya ƙara.

Mairo ya fara gani, matar maƙwabcinsa, wadda dariyarta kan tsallako katanga kullum. Ɓaunar ta soke ta a ciki, ta ɗaga ta ta maka da ƙasa, sannan ta durƙusa a kanta ta murje ta da goshi har ƙirjin ya baje. Hanjinta yana kan ciyawa tare da 'ya'yan kaɗanyar da ta tsinta, kwandon ya zama tabarma. Ido ɗaya a buɗe, ƙudaje har sun sauka. Almu ya kau da kai ya wuce.

Saurar fili ce, gamba ta rufe ta har ƙirjin mutum. A tsakiya ga 'yar kaɗanya guda, kaurinta bai wuce cinyar namiji ba. Lauratu tana kan rassa biyun farko, ta rungume ɗaya da hannu biyu, kumatunta a manne da ɓawon. Ƙafarta ta dama tana reto, ta kasa janye ta, cinyar a tsage tun daga gwiwa, jini yana bin ƙwauri yana ɗiga daga babban yatsa. A ƙarƙashinta ga baƙar ƙatuwar, muƙamuƙi a karye yana lilo, yawu da ruɓaɓɓen jini suna dalala. Ta ja da baya taku biyar, ta sunkuya, ta zo ta haɗa goshi da itacen. Kaɗanyar ta karkata, 'ya'yanta suka zubo a bayan dabbar. Saiwa ta fara ɗagowa ta gefe ɗaya. Lauratu ta zame tsawon tafin hannu.

Babu reshen da zai ɗora bindiga. Ba halin durƙuso, ba halin kwanciya, ciyawa za ta rufe masa ido. Sai dai a tsaye. Ya kutsa cikin gamba har ya rage taku talatin, don bindigar toka ba ta da amana in an wuce haka. Ya juya gefe. Ya buɗe ƙafafu. Ya tura ƙugu, ya kafa gwiwar hannu a kan ƙashi, ya buɗe tafi, ya kwantar da kumatu. Ya ɗana kunama. Ya ja iska.

Cak. Cak. Cak.

Bakin bindigar ya sauka a wuyan ɓauna, ya zabura ya hau ƙafar Lauratu, ya dawo wuya, ya sake hawa ƙafar. Ya ja iska ta biyu, ta uku, ya saki rabi. Bai canza komai ba. Ya dubi damtsensa. Naman ya kumbura ya kusa haɗiye kambun, hannun ya yi baƙi, jijiyar nan tana harbawa kamar za ta fashe. Harsashi ɗaya gare shi. In ya tashi sama, matarsa zai harba da hannunsa. In ya kauce gefe, kafin ya sake ɗuri itacen ya faɗi.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Kambun nan ne kaɗai ke tsakaninsa da ƙahon can. Mahaifinsa ya faɗa masa haka da bakinsa, kuma mahaifinsa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Dum! Wata saiwa ta tsinke da ƙara. Lauratu ba ta yi kuka ba wannan karon, kuma shirun ya fi kukan muni.

Ya jingina bindiga a cikinsa, ya zaro wuƙa. Babu wurin da tsinin zai shiga tsakanin fata da fata. Ya yi bisimilla ya danna ta cikin naman, ya tura ta ƙarƙashin kambun, ya juya kaifin sama, ya yanka. Fatar shekara hamsin ba ta yankuwa da sauƙi. Ya yi ta gurzawa, yana yanka kambu yana yanka kansa, jini ya wanke masa gwiwar hannu. Sai ya ji tas! Kambun ya faɗa cikin ciyawa, bai ko dube shi ba. Hannun ya ɗauki zafi kamar an zuba masa tururuwa, yatsun suka fara dawowa.

Ko warin jinin ne, ko motsin ciyawa, ɓaunar ta bar itacen ta juyo. Ta ɗaga hanci. Ta gan shi.

Almu ya sake kafa ƙafafu. Ƙugu gaba, gwiwar hannu a kan ƙashi, jini ya sa tana santsi sai da ya danna ta sosai. Ya saki kafaɗa. Bindiga ta kwanta a tafinsa. Zuciyarsa tana nan tana dukan haƙarƙari, amma ta tsaya a ƙirji inda Allah ya ajiye ta. Bakin bindigar yana ɗan yawo a hankali, yawon da bai fi faɗin tafin hannu ba.

Ta taho. Ƙasa tana girgiza, gamba tana rabewa biyu. Ɓauna in ta taso hanci take miƙawa gaba, sai ta kusa take sunkuyar da ƙaho, kuma in ta sunkuya goshinta ko rodi ba ya huda shi. Wurin shiga ɗaya ne, ƙasan maƙogwaro inda wuya ya haɗu da ƙirji. Daga nesa wurin bai fi bakin ludayi ba. Ya bar ta ta zo. Taku ashirin. Duk naman jikinsa yana ce masa ya ruga. Ya ja iska, ya saki rabi. Goma sha biyar. Ya fara matsa kunama a hankali, a hankali, kamar mai taɓa ƙurji. Goma.

Bindigar ta tashi ba tare da ya san lokacin ba. Gindinta ya daki kafaɗarsa, farin hayaƙi ya rufe komai.

Ta cikin hayaƙin ta fito. Dabba mai nauyin shanu biyu ba ta tsayawa don an huda mata zuciya. Ƙahon hagu ya shige shi a ƙugu, daidai inda gwiwar hannunsa ta tashi. Ya ji ƙashin ya karye, ƙarar kamar an taka busasshen kara. Ya ga sama, ya ga ciyawa, ya sake ganin sama, sannan ƙasa ta buge shi a baya har numfashinsa ya ɗauke. Yana kwance ya ji kofatai sun wuce ta gefen kansa. Ya jira ta dawo ta durƙusa a kansa kamar yadda ta yi wa Mairo. Ta juyo kuwa. Ta yi taku uku, ƙafafun gaba suka lanƙwashe, ta kife da hanci. Jini mai kumfa ya bulbulo ta baki da hanci. Ta yi wani dogon ruri wanda aka ce har sansanin kamfani an ji shi, ta shure sau biyu, ta miƙe. Tsakanin hancinta da ƙafarsa bai kai kamu uku ba.

Can ya ji wani abu ya faɗo daga itace, tim. Aka daɗe. Sai ga ciyawa tana motsi, Lauratu ta fito da jan ciki, tana jan ƙafar nan a baya. Ta iso ta cusa zanenta a cikin ramin da ke ƙugunsa, ta danne da duk nauyinta. A haka mazan gari suka same su, Baba Gide a gaba, ya jefar da kekensa a fadama ya ƙarasa da ƙafa. Shi ya yage rawaninsa ya ɗaure cinyar 'yarsa da ƙugun surukinsa, shi ya tare tifar kamfani a kan hanya da kulki, aka kwashe su zuwa asibiti a Funtuwa. An binne Mairo kafin la'asar.

Sai bayan an yanke dawa Almu ya dawo gida, a kan jakin da ke ɗauko masa nama da. Ƙafar hagu ta gajarce, ƙugun ya haɗe a karkace. Likita ya ce zai yi tafiya da sanda. Gudu kuwa, ko tsayuwa da nauyi a wannan gefen, sai dai a mafarki. Lauratu ta riga shi warkewa, tana ɗingishi amma tana daka.

Tungar Ƙirya kuwa ta riga ta gama shari'a. An tsinci kambun a yanke a cikin ciyawa, kuma lissafin a wurinsu a fili yake: shekara arba'in a hannun uba ba ƙwarzane, shekara tara a hannun ɗa ba ƙwarzane, ya yanke, kafin a ƙirga ashirin ƙaho ya shige shi. Har daga Ƙanƙara mutane ke zuwa da labarin a bakinsu. Iyaye suna ja wa 'ya'yansu kunne da sunansa.

Mako guda da dawowarsa maharban Ketare suka zo su huɗu, ƙanen mahaifinsa Baba Mani a gaba, wanda ke riƙe da sarautar Baka yanzu. Suka zauna a zaure, aka kawo ruwa. Baba Gide ma ya zo ya zauna daga bakin ƙofa. Baba Mani ya ajiye yankakken kambun a kan tabarma.

"Almu, abin da yayana ya bar maka ke nan. Ka ga abin da ka jawo ma kanka. Ka ce ka yi kuskure a gaban mutanen ga, mu tahi da shi mu ga ko za a iya tada shi, ya koma hannun wani a cikin gida."

Almu ya daɗe yana kallon kambun. Ya yi ƙanƙanta ƙwarai a kan tabarma, har ya yi mamakin yadda hannunsa ya taɓa shiga ciki. Shi kansa bai sani ba. Dare nawa ya kwana a asibiti yana tambayar kansa ko da ya bar shi da ƙahon ya kauce. Wataƙila da ya kauce. Ta cikin gida yana jin taɓarya, bugu ɗaya da ƙarfi, ɗaya a raunane, don mai dakan ba ta iya tsayuwa daidai.

"Baba, ku tahi da shi, naku ne," ya ce. "Amma ba ni cewa na yi kuskure. In aka maida ni wurin nan yau, wuƙa zan nema."

Baba Mani ya naɗe kambun a cikin tsumma, suka tashi ba su sha ruwan ba. Daga ranar ba a sake kiran sunan Almu a taron maharba ba.

Da zauren ya watse Baba Gide ya matso. Tsohon da Almu bai taɓa haɗa ido da shi ba ya durƙusa a gaban tabarmar, ya kwance bakin aljihu, ya ajiye wani abu. Guntun rodi ne, kansa ya baje.

"Ni na feɗe ɓaunar," ya ce. "A tsakiyar zuciya na ciro shi. Ban san komi a kan kambu ba, Malam Almu, ba ni yi maka ƙarya. Wanga kaɗai na sani." Muryarsa ta sauya. "Ɗiyata guda ce."

Ya tashi ya fita da sauri, ya manta kulkinsa.

Da la'asar Lauratu ta kawo tuwo, ta ajiye, ba ta tafi ba. Ta zauna a gefen tabarma ta miƙe ƙafar da ba ta lanƙwasuwa. Ta ga rodin, ta ga tabon da ya zagaye damtsensa, sai hawaye.

"Malam, a rijiya cewa ake ni na ci maka ƙahwa. Da ka bar abinka a hannunka, da yanzu kana daji."

Almu ya ɗauki rodin yana juya shi a tafin hannu. Ya ɗaga kai ya dubi bindigar a rataye a bango, ƙura ta fara hawa kanta. Abin ya yi masa ciwo, ba zai ɓoye ba, ciwon da ya fi na ƙugun.

"Ke, saurara," ya ce. "Tun da nike, harbi ɗaya na taɓa yi bayan gudu ya tahi inda na aike shi. Guda ɗaya tak. Kada ki ɓata mani shi da kuka."

Ba ta daina kukan ba, amma ta jawo kwanon ta buɗe, ta zuba masa miya.